In Mai Tsaro Ya Gaji, Alhakin Yana Kan Wa?

A wannan wata muna so mu yi shawara tare a kan waɗansu mutane da ba a cika ambatonsu cikin addu'ar ekklesiya ba, watau 'yan sandan kwantar da tarzoma, waɗanda jama'a su ke kira mopol. Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta Sheme da 'Yankara cikin shekarun nan ya san su. Suna tsaye a bakin hanya, bindiga a kafaɗa, ido ya yi jawur. Mai wucewa ya kan ce shaye-shaye ne ko mugunta. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa rashin barci ne.

Ga tambayarmu. Idan mutumin da aka ba tsaron gari ya gaji har ya kāsa, ya nemi a sāke masa wuri, ko kuwa ya ajiye aikin ɗungum, ya yi zunubi ne? In akwai alhaki cikin abin, yana kan wa? Wannan ba tambayar wasa ba ce ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gama sun san abin da ya kan faru da ƙauye a daren da aka janye masu tsaro. Akwai kuma 'ya'yan ekklesiya da su ke wannan aiki, matansu suna zaune tare da mu ran Lahadi. Ya kamata mu san abin da za mu faɗa musu.

AIKIN DA AKA KOYA MUSU, DA WANDA AKA BA SU

An kafa rundunar mopol a farkon shekarun 1960, ba da daɗewa ba bayan Nijeriya ta sami mulkin kai. Aikinsu na asali shi ne kwantar da tarzoma cikin gari. Su zo da garkuwa da kulki da barkonon tsohuwa, su watsa taro, in ƙura ta lafa su koma bariki. Aiki ne mai zafi, amma yana da farko yana da ƙarshe. Mutum ya san ranar komawa gida.

Daga baya abin ya sāke. Aka riƙa tura su wuraren da yaƙi ne a ke yi sosai. A watan Agusta 1914 ba mu ce ba, a zamaninmu ne, cikin Agusta 2014, 'yan Boko Haram suka auka wa makarantar horar da su da ke ƙasar Gwoza suka kama ta. A kudancin Katsina kuwa, inda Ƙanƙara da Faskari su ke iyaka da Zamfara, Sabuwa kuma da ƙasar Birnin Gwari, abokin gābarsu ba taron gari ba ne mai jifa da duwatsu. 'Yan bindiga ne a kan babura, waɗanda suka san daji kamar tafin hannunsu, su ne kuma su ke zaɓen ranar zuwa da sa'ar zuwa.

Bari mu tuna da kaɗan daga cikin abin da ya auku. Ran 11 ga Disamba 2020 aka kwashe yara daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, bayan kwana shida aka sako 344. A watan Satumba 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka. Ku duba halin ɗan sandan da aka kawo daga wata jiha a lokacin nan: ba shi da hanyar jin muryar 'ya'yansa, matarsa kuma ba ta da hanyar sanin ko yana da rai. A watan Yuli 2022 aka kashe 'yan mopol 5 a Gatikawa ta ƙasar Ƙanƙara, waɗanda aka turo daga Kano, tare da mutanen gari 3. A watan Janairu 2023 aka shiga wata majami'a a ƙasar Ƙanƙara ran Lahadi aka tafi da masu sujada. A watan Yuni 2024 kuma aka yi wa 'yan sanda kwanton ɓauna suna kan hanyar kai gudummawa ƙauyukan da aka faɗa wa, aka kashe 4 daga cikinsu.

Mutumin da ya ɗauki gawar abokin aikinsa da safe, shi ne zai tsaya a wurin nan da dare. Wannan shi ne aikin.

GAJIYAR DA BARCI BA YA KAWARWA

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta manomi wanda ya wuni yana huɗa a gonar masara. Ya ci tuwo, ya kwanta, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda ta ke taruwa kaɗan kaɗan wata da watanni, har ta ratsa jiki ta kai zuciya. Masana sun daɗe suna bincikenta a wurin masu aikin taimakon mutane, kamar ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da 'yan sanda. A shekara ta 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a fili, ta ce abu ne da wahalar aiki ta ke jawowa idan ta daɗe ba a sauƙaƙa ta ba. Ta kuma ba da alamunta uku. Ta farko, ƙarfi ya ƙare. Ta biyu, zuciya ta janye daga aikin, mutum ya daina damuwa da shi da waɗanda ya ke yi dominsu. Ta uku, aikin kansa ya lalace a hannunsa.

Alama ta biyu ita ce abin tsoro gare mu. Fitila in manta ya ƙare ba ta kan mutu nan da nan ba, sai ta soma cin lagwaninta tana hayaƙi. Hakanan mutum. Sa'anda tausayi ya ƙare masa, tsohuwa mai ɗauke da itace da ɗan leƙen asirin ɓarayi duk ɗaya su ke a idonsa. Daga nan sai tsawa, sai mari, sai karɓar na goro, sai harbi kafin tambaya. Ruwa ba ya tsami banza.

Me ke jawo ta? Dogon zama a bakin daga ba tare da mai canji ba. Rashin barci. Nisa da iyali. Ganin mutuwa. Ga kuma damuwar haƙƙi. A watan Fabrairu 2002 ƙananan 'yan sanda suka yi yajin aiki, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar nan. A watan Yuli 2018 'yan mopol da aka kai Maiduguri suka fito kan titi suna kukan ba a biya su alawus na watanni ba. A watan Yuli 2025 tsofaffin 'yan sanda suka taru a Abuja suna kuka a kan fanshonsu. Saurayin da ke tsaye a Sabuwa yana jin waɗannan labarai, yana kuwa lissafin tsufansa.

Saboda haka mutane su kan nemi mafita. Wani ya nemi a mai da shi ofis. Wani ya nemi a ba shi gadin gidan wani babba a birni. Wani ya ajiye kakin. To, fitar mutum ɗaya ba ta tsaya a kansa shi kaɗai ba. Ya tafi da sanin da ya tara: wace hanya ce ta ke ɓullewa daji, wane mai unguwa ne a ke amince wa maganarsa, wane ne makiyayin kirki, wane ne baƙo. Wanda ya maye gurbinsa sai ya soma daga farko, wataƙila ko Hausa ba ya ji. Waɗanda suka rage kuwa kayan ya ƙaru a kansu, su ma su gaji da sauri. Gajiya tana haifar da fita, fita tana haifar da gajiya.

ABIN DA WANI ZAI CE

Lalle wani mai karatu zai ce, “Haba Malam, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski. Ba wanda ya tilasta shi shiga aikin. Ya yi rantsuwa, yana karɓar albashi. Mu da a ke kora daga gonakinmu, wa ya ba mu hutu? Ga shi kuma mun sha ganin waɗanda su ke tare hanya suna tatsar direbobi, in an ji ƙarar bindiga kuwa su ne kan gaba a gudu.”

Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za mu rena ta ba. Manomin Faskari da ya sayar da shanun huɗarsa ya fanshi ɗansa, shi ma ya gaji, ba shi kuma da bariki da zai koma. Alkawari kuwa kaya ne. Annabi Ezekiyel, cikin sura 33, ya nuna cewa mai tsaron da ya hango takobi yana zuwa bai busa ƙaho ba, za a nemi jinin mutane a hannunsa. Sa'anda sojoji suka zo wurin Yohanna Mai Baftisma, cikin Luka sura 3, bai ce su bar aikinsu ba. Ya hana su ƙwace da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su. Gajiya ba ta halatta zalunci. Wanda ya mari talaka domin bai yi barci ba, ya mari talaka.

Amma mu lura. Kafin albashi ya ishi mutum, sai an biya shi tukuna. Shari'ar Musa ta umurta a biya ɗan ƙodago haƙƙinsa kafin rana ta faɗi, Yaƙub kuma cikin wasiƙarsa ya ce ladan da aka danne yana kai ƙara wurin Allah. Alkawari kaya ne, gaskiya, amma mutum biyu ne su ke ɗaukarsa: wanda aka aika da wanda ya aika.

YADDA ALLAH YA BI DA MASU GAJIYA

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye gajiyar jarumawa ba. Ku karanta 1 Sama'ila sura 30. Dawuda ya komo Ziklag da mutanensa 600, suka tarar Amalekawa sun ƙone garin sun kwashe mata da yara. Labarin kamar na ƙasarmu ne. Suka bi sawu. Da suka kai rafin Besor, mutum 200 suka kāsa haye saboda gajiya, ko da shi ke matansu da 'ya'yansu ne a hannun maharan. Mutum 400 suka ci gaba, suka ƙwato kome. Da suka komo, waɗansu suka ce kada a ba masu gajiyar nan rabo daga ganima. Dawuda ya ƙi. Ya sa doka a Isra'ila cewa rabon wanda ya tsaya wurin kaya daidai ya ke da na wanda ya shiga yaƙi. Abin lura kuwa, waɗanda littafin ya kira mugaye ba su ne masu gajiyar ba. Masu son a hana su rabo ne.

Ku karanta kuma 1 Sarakuna sura 19. Iliya, wanda ya tsaya shi kaɗai gaban annabawan Ba'al a Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Allah bai soma da tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, ya sāke kwanciya, aka sāke ciyad da shi. Sai bayan wannan Allah ya yi magana da shi, ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma nuna masa Elisha wanda zai gāje shi. Abinci, barci, abokai, da mai canji. Da waɗannan Allah ya yi jiyyar bawansa.

Musa ma surukinsa Yetro ya gan shi yana shari'a shi kaɗai tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyad da kansa, ya gajiyad da jama'a kuma. Sai aka naɗa shugabanni na dubu dubu, da na ɗari ɗari, da na hamsin hamsin, da na goma goma. Ubangijinmu Yesu kansa, cikin Markus sura 6, da ya ga almajirai ba su da zarafin ko cin abinci, ya kira su waje ɗaya su huta.

Daga nan muna koyon abu guda. Allah ne ya halicci mutum da iyaka, shi ne kuma ya ba da ranar hutu. Wanda ya kai iyakarsa bai yi zunubi ba, halittarsa ce ta nuna. Wanda ya ke ɗora wa mutum kaya kamar ba shi da iyaka, shi ne ya ke jayayya da Mahalicci.

HANYA UKU

To, me za mu ce wa ɗan'uwan da ya gaji? Hanya uku ce a gabansa, ba kuwa daidai su ke ba.

Ta farko, ya sulale da dare ya bar mutanen da suka kwanta suna dogara gare shi, ya bar abokan aikinsa a buɗe. Wannan cin amana ne, ba mu da wani suna da za mu ba shi.

Ta biyu, ya zauna da kaki a jiki amma zuciya ta mutu, yana riƙe da bindiga, yana huce haushinsa a kan talakawa ko a kan matarsa in ya je gida. Mutane su kan ce wannan ya jure. Mu kuwa muna gani wannan hanya ba ta fi ta farko ba, gama gari yana tsammani yana da mai tsaro alhali kuwa ba shi da shi.

Ta uku, ya faɗi gaskiya. Ya je wurin shugabansa ya ce ya kai iyaka, ya nemi hutunsa, ya nemi ganin likita, ya nemi canji. In duk bai samu ba, ya ajiye aikin bisa ga ƙa'ida, da rana tsaka, ya miƙa bindigar gwamnati a hannun mai karɓa. Wanda ya bi wannan hanya bai yi abin kunya ba. Kada ekklesiya ta dube shi kamar matsoraci. Wanda kuma Allah ya ba shi ƙarfin tsayawa da zuciya mai rai, ya tsaya, ladansa yana da girma. Amma kada ya rena wanda ya zauna a bakin rafi.

SAURAN ALHAKIN

Kaso mafi girma yana kan masu aikawa. Bulus ya ce mai mulki bawan Allah ne domin amfanin jama'a, bawa kuwa za a tambaye shi. 'Yan sandan Nijeriya duka ba su kai 400,000 ba, mutanen ƙasa kuwa sun haura miliyan 200. Cikin waɗannan kaɗan ɗin ma, da yawa an daɗe ana ba da su gadin manyan mutane, har shugaban ƙasa ya ba da umurni a janye su a shekara ta 2015, aka sāke ba da irin umurnin a watan Nuwamba 2025. Duk ɗan mopol da ke riƙe wa wani jaka a birni, akwai wani a ƙauye da bai sami mai canjinsa ba. Mu tuna da Uriya, wanda aka sa a gaba inda yaƙi ya fi zafi, aka janye aka bar shi. Takobin Ammonawa ne ya kashe shi, amma a hannun Dawuda Allah ya nemi jininsa.

Nehemiya, da ya gama ginin garun Urushalima, ya sa mutanen gari tsaro bi da bi, kowa kusa da gidansa. A watan Oktoba 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan ƙasa, samari kusan 1,500 a kashin farko. Wannan yana rage nauyi, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma su ma 'yan Adam ne. A harin nan na Yuni 2024 an kashe 2 daga cikinsu tare da 'yan sandan. In ba a ba su hutu da haƙƙinsu ba, za su gaji kamar na gabansu.

Akwai kuma namu kason, mu da a ke tsaro. Ba mu da ikon ƙara wa kowa albashi, amma ga abin da kowace ekklesiya za ta iya.

Mu sa masu tsaro cikin addu'ar Lahadi, Kirista da Musulmi duka, gama harsashi ba ya tambayar addini. Fasto ko mai bishara ya ziyarci waɗanda aka kawo garinsa, ya zauna ya saurare su, ba lalle sai ya yi wa'azi ba. Mutumin da ya ga abin tsoro yana bukatar inda zai faɗe shi. In an ga wani ya daina barci, ko yana firgita, ko ya faɗa shan ƙwaya, ko yana zancen ya gaji da rai, a yi addu'a tare da shi, a kuma raka shi asibiti, kamar yadda za a yi wa mai zazzaɓi. Zumuntar mata ta riƙa leƙa matan da mazansu su ke bakin daga, da gwaurayen waɗanda suka faɗi, a taimake su bin haƙƙin mazansu, kada a bar su su kaɗai da takardu. Dattawa su yi magana da hukuma cikin ladabi a kan hutu da canji da biyan alawus a kan kari. In kuwa ɗan sanda ya yi zalunci, a kai ƙara inda ya kamata, kada a yi shiru. Tausayi da gaskiya ba sa faɗa da juna.

Ku kuma 'yan'uwanmu da ke cikin kaki, in wannan takarda ta iske ku, ku sani ba a manta da ku ba. Kada ku ji kunyar cewa kun gaji. Iliya ya faɗa, Allah kuwa bai yashe shi ba. Ku tsare hannunku daga abin talaka, ku tsare zuciyarku kada ta taurare. Zabura ta 121 ta tuna mana akwai Mai tsaro guda ɗaya wanda barci ba ya ɗaukarsa. Sauranmu duka, da mai bindiga da mai fartanya, tilas mu kwanta. Ubangiji ya ba ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa salama, ya komo da kowane mai tsaro wurin iyalinsa lafiya. Amin.